Ƙarfe Yana da Haƙuri

Yaya Hajara, jiya na ɗan kishingiɗa bayan sallar asuba, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni a shagon da marigayi Baban Amira yake aiki a Legas, inda ake ɗura iska a tukwanen da masu nutso cikin teku ke goyawa a baya. Amma tabarmin zaman makokinsa ne a shimfiɗe a ciki, ruwa ya kai wa mutane ƙirji, ba wanda ya damu. Musu suke ta yi. Wani ya ce ƙarin iska kaɗan ba ya komai, idan tukunya ta huce ai iskar sauka take yi. Wani ya ce wanda ya buga lambar iyakar iska a wuyanta ba mahaukaci ba ne. Alhaji Sale mai shagon ya yi dariya ya ce, "Shekara nawa muna wuce lambar nan? Ƙarfe ai yana da haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

Ina tsaye a kansu da kayan takaba, ko kallona ba su yi ba.

Sai kawai na ga makunnin injin ɗura iskar a hannuna, tukunyar kuma ɗaure a bayan Alhaji, tsohuwar nan da ya sa mijina ya cika har ta fashe da shi. Na murɗa. Allurar agogon awon iskar ta hau, ta taɓa jan layi. Ya ce, "Maman Amira, ya isa haka." Na ce, "Ai ƙarfe yana da haƙuri, Alhaji." Na ƙara murɗawa. Yaya, ban ji tausayinsa ba. Daɗi ma na ji, Allah Ya yafe min.

Sai kawai ga Baban Amira a gefena da rigar aikinsa, yana kallon allurar. Na ce, "Ka ce in bari, ko ka ce in ci gaba." Ya ɗora hannunsa a kan nawa. Kafin in gane ko kashe injin zai yi ko taya ni, Amira ta tashe ni tana neman koko.

Kin san Alhaji ya aiko cewa ran Juma'a zai zo neman yafiya, Babanmu kuma ya ce in yafe masa. Da na yi niyyar buɗe baki in faɗa kawai, ko da zuciyata ba ta bi ba. Yanzu ban sani ba. Yaya, hannun nan da ya ɗora, hana ni ya zo yi?