Sabulun Farko na Bakanike

A bakin shagon sayar da kayan haɗa sabulu wani bakanike ke tsaye, rigarsa duk baƙin mai, faratansa kamar an shafe su da gawayi. Yana warware wani farin ƙyalle a hankali sai ka ce ƙwai ne a ciki. Sabulu ne ɗan karkatacce, gindinsa ɗauke da shatin robar da ya daskare a cikinta. Da gani ka san na farko ne.

"Inna, yau sati huɗu cif, yadda kika ce," in ji shi ga dattijuwar mai shagon. "Kullum sai na leƙa shi, har matata ta ce ko kaza ba ta kwanci haka."

Dattijuwar ta ɗan taɓa sabulun da bakin harshe, don in sodar da aka haɗa shi da ita ba ta mutu ba za ta ji raɗaɗi.

"Ya nuna, ɗana."

Nan take ya tsuguna da butarta yana cuɗa hannu yana dariya, farar kumfa tana komawa toka-toka. Ƙila tafukan nan sun shekara ba su ga launinsu ba.

"Jaririyata watanta biyu," ya ce. "Uwarta ta rantse ba zan ɗauke ta da hannun gareji ba."

Ga shi can ya nufi gida, hannuwa a sama, kowa ya miƙo masa hannu sai ya ba shi gwiwar hannu.