Ɗan Jirgi da Hannun 'Yan Ruwa

Ɗiyar ƙanena ta zo gida hutu a shekararta ta ƙarshe ta karatun injiniya, lokacin da tafki ya cika har ya taɓa gonakin shinkafa. Ta sauka a tashar Yelwa da kwali a kanta. A cikin kwalin akwai ɗan jirgin ruwa, tsawonsa kamar kamu biyu, da abin riƙewa a hannu da suke kira rimot. Da shi za a jarraba ta. Malaminsu ya ce da hannunsa zai tuƙa kowane jirgi a kududdufin makaranta, wanda ya ƙi bin umarni kuwa mai shi ya maimaita shekara.

Jirgin yana tafiya, juyawa ce ba a gama ba. A zaurena ta baje kayanta, don nan ne inuwa take. Ni ina gefe ina kwafe wasu waƙoƙin wa'azi na ajami, ita tana fama da sukudireba. In na ɗaga kai sai ta yi mini bayani, ko na tambaya ko ban tambaya ba. A bayan jirgin, ƙarƙashin ruwa, akwai ɗan faifan ƙarfe da ke karkata shi. Wutsiya muka sa masa suna. A ciki kuma akwai ƙaramin inji mai hannu guda, wanda ke motsawa in an taɓa rimot. Aikinta shi ne ta haɗa hannun nan da wutsiyar.

Da farko waya ta sa, ruwa ya lanƙwasa ta. Sai ta zare ƙarfe guda daga tsohuwar laimar innarta, aka yi 'yar rigima a kan haka. Ƙarfen ya riƙe, amma wutsiyar tana karkacewa fiye da kima, jirgin ya kife a cikin baho. Ta shanya kayan cikinsa a rana, ta huda sabuwar kafa kusa da gindin hannun injin, ta mayar da ƙarfen can. Daga nan ya riƙa juyawa a hankali.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar muka kai shi kwata, inda jiragen inji ke ɗaure. Ubanta direban jirgi ne, kuma tun tana ƙarama take karɓar masa hannun inji in ya tashi kwalfe ruwa. Ta yi bisimilla ta saki ɗan jirgin. Ya kewaye wani kwale-kwale, ya kauce wa kainuwa, ya dawo gabanta. Uban ya karɓi rimot ya gwada.

"Wanga ya fi nawa jin magana," in ji shi. "Ɗiya, ki yi mini babba in huta."

Direbobi suka yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya, har da masunta. Ni ma na taɓa, don na yi zaman jirgi a ƙuruciya. Duk wanda ya riƙe sai jirgin ya bi shi. Ba wanda ya ga aibi.

Ana cikin haka mijin yayarta ya iso a kan babur ɗinsa. Ɗan kabu-kabu ne, mutumin tudu, kuma tsakaninsu akwai wasa.

"Injiniya, kawo in nuna miki tuƙi."

"Yaya, wanga ba babur ba ne. Babu wanda za ka yi wa oda."

Ya karɓa, ya nufi tsakiyar ruwa da ɗan jirgin. Wani jirgin kaya na ɗaure a damansa, sai ya tura ɗan sandan rimot hagu don ya kauce. Ɗan jirgin ya yi dama, ya daki jirgin kayan, ƙwas. Kwata ta ɗauki dariya. Wani ya ce a ba shi jaki ya fara koyo da shi.

"Wallahi abin nan a juye yake!" in ji shi. "Na ce hagu, ya yi dama."

"To da ina kake son ya yi?" ƙanena ya tambaye shi. "Ka tura hannu hagu, ai dama jirgi ka tahiya. Haka Allah Ya yi shi."

"A cikin ruwa, Baba. A bisa hanya wanda ya yi haka sai asibiti."

Aka ci gaba da yi masa tsiya. Ita ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta tsamo jirgin ta duba hancinsa, fenti kaɗai ya goge. Can ta juyo ta ce mini, "Baba, malaminmu mota yake tuƙawa. Ban ji ya taɓa shiga jirgi ba."

Abin da ya faru a fili yake. Hannun injin jirgi a baya yake, in kana son dama sai ka tura shi hagu. Da wannan ta tashi, haka ta ɗaure ƙarfen ba tare da ta yi tunani a kai ba, kuma duk waɗanda suka gwada mata da wannan suka tashi. Na san irin abin. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana, sai da hannuna ya daɗe yana fara boko daga dama.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Ta cire ƙarfen laimar ta mayar da shi ɗaya gefen wutsiyar. Wahalar ta koma kanta, domin yanzu ita ce jirgin ya daina bi. Sauran kwanakin hutun kullum da hantsi tana bakin ruwa, nesa da kwata, tana faɗa wa hannunta da baki, "Hagu, hagu ce." Mijin yayar kan tsaya in ya sauke fasinja, ya ce ta biya kuɗin makaranta ya koya mata. Uban kuwa ya gwada sau ɗaya, ya cusa jirgin cikin ciyawa, ya ce an lalata abu mai kyau.

Ranar jarrabawa ta kira ni a waya daga makaranta bayan azahar. Ta ce malamin ya tuƙa, jirgin ya bi shi duk inda ya nufa. Sai ya miƙa mata ya ce ita ma ta kewaya. Ta kewaya, amma a kwanar ƙarshe hannunta ya koma gida, jirgin ya gogi bangon kududdufin. Malamin ya dube ta ya ce injin ba shi da laifi, mai shi ce ba ta iya tuƙi ba, kuma ba tuƙi ake jarrabawa ba. Ya ce ta wuce.

Na ce alhamdulillahi, na aika a faɗa wa ubanta a kwata.