Ruwan da Kaka Ta Ba Batir

Har yau, in na ji mota tana tari da safe ta ƙi tashi, sai kakata ta faɗo mini a rai. Jiya ma haka ta faru a tashar Dogon Dutsi, na tsaya cak da kwandona kamar wadda aka kira da suna.

Zamanin mulkin Nasara ne, ina yarinya a hannun kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye kusa da Tibiri. Kawuna, autanta, ya dawo daga soja da ƙafar yawo da wata tsohuwar mota da ya saya a hannun Bature mai komawa gida. Zama bai karɓe shi ba, ko tuwo a tsaye yake ci. Zancensa ɗaya ne: da mota ta daidaita zai yi kudu har bakin teku, inda aka ce direba ba ya kwana da yunwa. Kaka kuwa ta riga ta binne sauran ’ya’yanta maza, shi kaɗai ya rage mata.

Batir ne ya ɗaure shi a gida. A ɗora batir ɗin bisa jaki a kai Dogon Dutsi a cika shi da wuta, kwana kaɗan ya mutu. Kawu ya kankare farin garin da ke taruwa a kawunan batir, ya ƙara ɗaure bel ɗin dinamo mai ba batir wuta, ya riƙa cire waya kowace yamma, amma ba ta canza zani ba. Samarin gari sun tura motar nan har suka koma ɓuya in sun hango shi. Mata suka ce doguwa, aljanar tsamiyar ƙofar gidanmu, ce ke shanye wutar, ya matsar da motar gindin gawo, a banza. Kaka kuwa, na lura duk safiyar da mota ta ƙi tashi, tana daka tana waƙa.

Da bazara wani makanike ya buɗe murafun batir ya leƙa, ya ce ƙishirwa ce, zafi ya ƙafar da ruwan ciki. Ya ja kunnen kawu kada ya zuba na rijiya, don rijiyoyinmu kanwa gare su. Sai ruwan sama. A watan da kaza ma baki buɗe take yawo!

Akwai shi a ɗakinmu. Kowace damina kaka takan tari ruwa a sabuwar ƙwarya, ta juye a gora ta toshe, da shi take wanke idanunta masu ciwo har shekara ta zagayo. Kawu ya sani, bai roƙa ba. Ya yi ta kai da kawo a tsakar gida har ya ishe mu. Sai wata rana ya zauna. Ya jingina da tayar mota, ya daina zancen teku, tuwonsa ya riƙa dawowa yadda aka kai shi.

Kaka ta ce in miƙo mata gorar. Na ɓoye ta a bayana, na ce, “Kaka, in kin ba shi, tahiya za ya yi.”

Ta ce, “Na sani, jikalle. Gwamma in yi begenai yana can da rai, da in dinga kallonai nan yana mutuwa zaune.”

Aka zuba, aka kai caji, aka dawo. Mota ta tashi ba wanda ya tura. Na ji haushin ƙarar nan, na tsani kawu ranar, ba zan ɓoye muku ba. Ya tafi kafin saukar damina.

Ya dawo bayan shekaru, lokacin idanun kaka sun rufe. Ta shafa fuskarsa, ta tambaye shi ko batir yana riƙe wuta.

Yanzu ruwan batir a roba ake sayar da shi kowane shago, wasu baturan ma a rufe suke zuwa, ba sa shan komai. Nawa ’ya’yan sun watse garuruwa, motocinsu na tashi da taɓi ɗaya. Ba wanda ya nemi ko ɗigo a hannuna kafin ya tafi.