Ruwan da Na Tace Ni Kaɗai

Ko shekara nawa Allah ya ƙara mini, ba zan manta da daminar da kurkunu ya kwantar da gidanmu ba. Tsarana suna tuna lokacin ne da yunwar da aka sha. Ni da wani ɗan farin ƙyalle nake tuna shi.

Ina aji biyu na koleji a Matameye, zamanin mulkin soja, ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, ya bushe a tsaye. Da wata shekarar ce, da Baba ya ɗaure kayansa ya tafi Kano cin rani kamar yadda ya saba, to an rufe iyaka. Sai ga umarni daga kwamandan yankinmu, kowane magidanci ya sauka fadama ya yi noman rani. A lokacin ba a tambayar dalili. Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, suka sami ɗan fili a wata fadama ta hanyar Tsauni, ni kuma ina bin su ranakun da babu lakwal, wato makarantar boko.

Rijiyar unguwarmu ta ja baya har guga laka yake ɗebowa. Dole muka koma wa tafkin fadamar. Da shi ake ban ruwa, shi ake sha, da yamma kuma Baffa ya ɗora jarkoki a jaki ya kawo wa Inna ta cika randa. Tafkin ya tsuke, ya yi kore, mutanen ƙauyuka da dabbobinsu duk nan suke haɗuwa.

Ni kuwa na san abin da ke cikin ruwan nan. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa mai kurkunu in ya tsoma ƙafarsa a tafki, tsutsar takan zuba ƴaƴanta, wasu ƴan ƙwari da ido ba ya gani sosai su haɗiye su, wanda ya sha ƙwarin kuma sai bayan shekara ta fito masa. Ya ce maganin bai wuce a tace ruwan da ƙyalle mai ƙaramin ido ba. Na zana ƙwaron nan a littafina da jan alƙalami da shuɗi, har gashin kansa ban bari ba. Ni na fi kowa maki.

Wata Lahadi na ga wani dattijo zaune a bakin tafkin, ya tsoma ƙafa yana neman sanyi, ga farin zare yana reto a ƙwaurinsa. Kusa da shi Baffa yake cika jarka. Na daɗe ina shirya maganar a raina, don ni mutum ne da ko a aji ba na ɗaga hannu. Da ƙyar na ce, "Baffa, an ce ruwan nan a riƙa tace shi, saboda kurkunu."

Ya miƙe ya dube ni. "Wa ya ce?"

"A lakwal."

"Jama'a ku zo ku ji ɗan lakwal!" Ya ɗaga murya yadda duk bakin tafkin zai ji. "Yau shan ruwa zai koya mana. Kai yaro, kurkunu a jikin mutum yake, ranarsa ce ke fito da shi. Ko in samo maka cokali da teburi, ranka ya daɗe?"

Aka bushe da dariya, har dattijon nan. Baba yana can ƙarshen lambu, bai ji ba, ni kuma ban sake buɗe baki ba.

Abin da na yi bayan nan shi ne ke hana ni sakewa har yau. Ina da wani farin ƙyalle da nake naɗe littattafaina da shi. Na wanke shi, na riƙa yawo da shi a aljihu. In zan sha ruwa sai in ɗebo a moɗa, in zagaya bayan rumbu ko bayan kuka, in tace a ƙwarya in sha. Ko sau ɗaya ban yi fashi ba. Wata da watanni ina kallon Baba yana dawowa a gajiye yana kafa kai a moɗa, ina kallon Inna tana dama fura da ruwan randar nan. Kallabinta ɗaya ya isa ya rufe bakin randar. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, in na tuna dariyar nan sai harshena ya yi nauyi.

Shekara ta zagayo, ruwa ya sauka kamar ana biyan mu abin da aka hana mu. Muka yi shuka da ɗan irin da Inna ta ɓoye a tulu ta hana mu ci duk tsananin yunwa. Hatsi ya tsiro kore shar. Ana shirin noman farko bororo ya fito wa Baba a idon sawu, yana ƙuna kamar an ɗora garwashi. Kwana kaɗan Inna ta kwanta. Na Baffa a ƙafa biyu suka fito.

Na je gidan likita, ma'aikacin ya ce babu allura, babu ƙwaya, sai dai a naɗe tsutsar a jikin tsinke a hankali har ta fita. Hukumar da ta iya aiko gardi, dogarin kwamanda, ya kora mu fadama ba ta taɓa aiko wanda zai ce mu tace ruwa ba. Amma da wane bakin zan zarge ta?

Baffa ba shi da haƙuri. Ya ga ciyawa na cin gona, ya finciki ta ƙafa ɗaya ta tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura har gwiwa.

Ni nake naɗe ta Baba kowace hantsi kafin in ɗauki hauya, don ya ce hannuna ba ya rawa. Ran nan yana kishingiɗe a zaure, ina juya tsinken kaɗan-kaɗan, sai ya ce, "Ikon Allah. Randa ɗaya muka sha, kai kaɗai ta bari."

Da na yi shiru da maganar ta wuce. Sai na ji hannuna ya shiga aljihu ya fito da ƙyallen. Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa.

Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin mu fara zuwa fadama."

"Ka gaya wa uwarka?"

"A'a."

"Ni fa?"

"Na ji nauyi, Baba."

"Nauyi." Ya dubi ƙafarsa. "Da ka faɗa mini na ƙi, da yau laifina ne, in kwanta da abina. Na raba ka da gona na kai ka lakwal don ka gano mana abin da ba mu gani. Ashe kanka kaɗai ka gano wa." Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo ƙafar ya ce, "Ƙarasa."

Da yamma ya sa aka ɗaure kallabi a bakin randa.

Ni kaɗai na shiga gonar nan da hannun riƙon alƙalami. Maƙwabta ba su iya kawo gayya ba, rabinsu suna kwance. Kusurwa ɗaya na iya nomewa, sauran ciyawar harkiya ta shanye. A shekarar da masu lafiya suka cika rumbu, mu tun kafin tsakiyar rani muka share namu. Baba da Inna sun warke. Baffa da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, bai sake zuwa cin rani ba, bai kuma taɓa tayar mini da zancen bakin tafki ba. Ni ma ban tayar ba.

Fari ne ya kai mu tafkin nan, wannan ba a hannuna yake ba. Amma tsakanin tafkin da cikin iyayena ƙyalle ɗaya ne, yana aljihuna. Abin da na koya shi ne, shirun da zai kare fuskarka ya bar naka cikin cuta ba ladabi ba ne, ko da sunan kunya aka yi shi. Har yau ba ni da yawan magana. Amma in na san abin da zai cuci mutum, ina faɗa, a yi dariya, in jira a gama in sake faɗa.