Na Kai Kwamfutar Baba Dutsi

Mun tashi da asuba daga Dumega, za mu garin Dutsi wurin mai gyara, ni da ƙanwar mahaifiyata, da kwamfutar marigayi Baba naɗe cikin zane. Baba malamin lakwal ne, makarantar boko. Bayan rasuwarsa kawuna ya jona ta kai tsaye da batirin sola, wai wuta ai wuta ce. Ta yi ƙauri, ta mutu. Duk muryar Baba da ta rage mana, darussan da yake ɗauka yana karantawa, tana ciki.

Motar Tibiri ta ƙi cika, direba kuma ya ƙi tashi. Na ci kopto, ganyen zogale da ƙuli, na sha fura, har yanzu muna tasha. Da muka hau hanya kuma, buhun gero ya fi mu samun wurin zama. Jandarma biyu suka taɓa ƙunshina, duka na ce musu gawa ce.

Mun shiga Dutsi rana tsaka. Mai gyaran wani ɗan coci ne, rumfarsa bayan kasuwa. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce ba ta tashi.

"To mi ya kawo ni?" na ce.

"Ƙanwata, zamna. Jiki ya ƙone, diski bai ƙone ba."

Ya zaro wani abu kamar akwatin ashana mai faɗi, ya sa cikin wata kwamfuta ta wani kamfani daban. Na ce ba irinsu ɗaya ba. Ya ce sistem ɗin, wato manhajar da ke cikin diskin, bai damu da wanda ya ƙera ƙarfe ba, duk inda aka sa shi zai duba sabon gida ya zauna. Ta ɗan yi jinkiri, sai ga sunan Baba, ga takardunsa yadda ya watsa su. Ya danna ɗaya. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Ku ɗauki alli." Ƙanwar mahaifiyata ta fita waje. Ni na ce a sake.

Da la'asar muka juyo, muryar a wayata, diskin a jakata. Ƙarfen na bar wa mai gyara, me zan yi da shi?

A gida Inna, mahaifiyata, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ina ita kanta?"

Na ce shara ce yanzu.

"Haruffan da yatsunshi sunka goge fa?"

Na koyi cewa sistem yana ƙaura ko'ina. Gurbin yatsa ba ya binsa. Jibi zan koma tasha in je in ɗauko ƙarfen, ko motar ta kwana ba ta cika ba.