Zazzaɓin da Ban Yi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Janairu, 2026, bayan la'asar, motar da ta ɗauko Malam Dabo mai albasa daga Sakkwato ta ƙwace wa direba kusa da Gwadabawa. Nan take rai ya yi halinsa.

Malam Dabo, kujerar da ka zauna a motar nan tawa ce. Ni Sufyanu, sakataren ƙungiyarmu ta 'yan albasar Illela, ni aka gayyata taron jin ra'ayi kan sabon tsarin haraji a Sakkwato.

Kai ka fi kowa damuwa da maganar. Kullum cewa kake, ƙasar da Allah ya ba man fetur bai kamata ta tare buhun albasa sau biyar tsakanin Kalmalo da tasha ba. Na ga ranar da masu karɓar haraji suka riƙe jakin wani dattijo daga Amarawa; ka bar rumfarka ba mai tsaro, ka tsaya cikin rana sai da aka sake shi. Ba ka yi boko ba, amma ka sa na karanta maka sabuwar dokar shafi-shafi, kana tsayar da ni: "Mi suka ce kan ƙananan 'yan kasuwa? Maimaita."

Da ranar ta zo, tsoro ya kama ni, tsoron manya da tsoron masu tare hanya suna karɓar haraji su sa mini ido. Na ja bargo, na aika maka wai zazzaɓi nake. Ka zo har ƙofar ɗaki ka ce, "Kwanta abinka, ni in tahi." Waɗanda suka halarci taron sun ce duk abin da muka rubuta ka faɗe shi da ka.

Ranar addu'ar uku, mai ɗakinka Ramatu ta yi mini magana daga bayan labule: "Malam Sufyanu, yaya zazzaɓin? Kunun da na aiko maka, shi ya ce in dama kahin ya hita."

Na ce da sauƙi. Kunun kuwa na sha shi, wallahi, lafiyata lau.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba iyalanka da 'yan albasar Illela haƙuri. Na san kwana ne ya ƙare, amma ƙaryar tawa ce. Ramatu, ban yi zazzaɓi ba. Ki yafe mini.