Duwatsun da na jera a Jurf

Ni mutum ne mai zafin zuciya, kuma ba don alfahari nake faɗa ba. Shekarun da nake aikin injiniyan famfunan ruwa a Madina, abokan aiki kan ce in ina wuri ba a bukatar janareta, fushina kaɗai ya isa ya tayar da inji. Nakan yi dariya, amma a gida ba abin dariya ba ne.

Akwai ranar da na jawo wani direba ta tagar motarsa a unguwar Ƙurban, na fasa masa leɓe saboda motarsa ta gogi madubin tawa, 'ya'yana mata biyu suna kujerar baya suna ihu. Matata ma'aikaciyar jinya ce, jini ba ya ba ta tsoro. Da muka shiga gida ta tare ni.

"Abban yara," ta ce, "daga wannan babu wani. Ka sake zubar da jinin mutum, zan kwashe su mu koma Kano."

Na san halinta, ba ta faɗar magana sau biyu.

Bayan 'yan watanni aka tura ni kwas wani tsibiri can gabas mai nisa, ƙasar kwakwa da ruwan sama, inda gumi ba ya bushewa a jikin mutum. A bayan masaukinmu, dab da teku, akwai wata hanya da aka zana a ƙasa da fararen duwatsu. Siririya ce, ta mutum ɗaya, tana lanƙwasa tana zagayowa har ta kai ka tsakiya. Ba a ɓata a cikinta, sai dai ba ta da yanke. Mai kula da lambun, wani Musulmi ɗan ƙasar, ya ce in shiga da carbina in gani. Na shiga ina tsaki. Ga tsakiyar nan taku uku, sai hanya ta kwashe ni ta kai ni can gefe. Ƙafata ta yi ta ƙaiƙayin tsallake duwatsun, na dai daure ban tsallake ba. Da na fito sai na ji ƙirjina wasai, kamar na sha ruwan randa. A daren farko ban gane sirrin abin ba, amma kafin kwas ya ƙare na zana taswirar hanyar a bangon littafina.

Da na dawo, na tuna da wata gonar dabino a Jurf, can gefen gari, da nake gyara wa famfo. Mai kula da ita wani dattijo ne Bahaushen Chadi, ya daɗe a ƙasar, kowa Baba yake ce masa. Na roƙe shi ɗan fili a bayan rumfar famfo, ya ba ni. Baƙaƙen duwatsu kuwa ba a nemansu a Madina, su ke neman ƙafarka. Juma'a biyu na yi ina jera su.

"Muhandis, wannan kuma aikin mene ne?" in ji Baba. Haka yake kirana, wato injiniya.

"Maganin zuciya ne, Baba."

"Ɗayyib, to shi ke nan," ya ce, amma bai yi kama da wanda ya gamsu ba.

Wata biyu ina zuwa kullum bayan la'asar, in shiga da carbi in fito. Kuma wallahi ta yi min aiki. Har matata ta fara tsokanata, wai an musanya mata miji a jirgi, kuma ba za ta mayar ba.

Ranar da abin ya faru, shugabana ya ci min mutunci a gaban leburori. Na haɗiye. Na tuƙa mota har Jurf ina cizon leɓe, ina gaya wa kaina in dai na shiga hanyata shi ke nan. Ina zagayowa bayan rumfa na tarar da Baba da shebur a hannu yana watsa duwatsuna, rabi ma ya riga ya loda su a baro.

"Baba! Me kake yi?"

"Isbir, yi haƙuri ɗana, tsaya in gaya maka…"

Ban tsaya ba. Na fizge shebur ɗin na wurgar, na shaƙe wuyan jallabiyarsa na maka shi da bangon rumfa. Na kai masa naushi a baki, na ƙara, na ji haƙori ya tsaga min fatar hannu. Ya zame ƙasa yana kare fuska, tsoho sa'an ubana, ni kuwa idona ya rufe. Na sunkuya na ɗauki dutse ɗaya daga cikin baron na buga masa a gefen kai. Har yau ina jin ƙarar. Jini ya ɓalle ta bayan kunnensa, ya jiƙa gemu, ya gangara kan farar rigar. Sai a lokacin dutsen ya faɗi daga hannuna.

Ya daɗe yana nishi kafin ya iya magana.

"Maƙwabta sun leƙo ta katanga," ya ce. "Sun gaya wa mai gona wai akwai baƙon da yake ɗawafi a duwatsu, bakinsa yana motsi. Sun ce sihiri ne. Bukra, gobe-goben nan, za su kawo hukuma ta gani. Na ce in sun zo, su tarar da fili kawai."

Ni da digirina, ban taɓa tunanin yadda abin yake a idon mai leƙe ba. Kuma kowa ya san inda zargin sihiri yake kai mutum a ƙasar nan. Tsohon nan wuyana yake ceta. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina.

Na ce mu tafi asibiti. Ya riƙe min hannu. "La, la, ban da mustashfa. Iƙamata ta mutu tun bara."

Wanda takardar zamansa ta ƙare ba ya kai kansa inda za a tambaye ta. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce na sani da ba za ta tambaya ba.

Matata ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta kora yara ɗaki. Ƙaramar dai ta riga ta gani. A kan tabarmar falo aka kwantar da shi, ta wanke raunin ta fara ɗinki.

"Baba, me ya same ka haka?"

"Daga kan dabino na faɗo, 'yata. Tsufa ne. Muhandis ne ya tsince ni, Allah ya yi masa albarka."

Ta ci gaba da ɗinki. Ta gama, ta naɗe masa kai, sannan ta kamo hannuna na dama ta juya shi. Fata a tsage, baƙar ƙasa a cikin raunin. Ta wanke shi a hankali ta sa magani, ko kallon fuskata ba ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ta jira yara suka gama jarrabawa. Ana saura kwana biyu su tafi Kano, Baba ya zo da ƙafarsa, kunnen nan ya daina ji, wai ya zo ba ta haƙuri a madadina. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"Baba," ta ce, "da wanda ya zage shi ya doka, da na ji roƙonka. Kai ya doka."

Ni na kai su filin jirgi. Babbar ta yi min sallama da Larabci, ido a ƙasa. Da na durƙusa zan rungumi ƙaramar, sai ta ɗaga hannu biyu ta kare kanta.